Yadda ake tsare numfashin majinyaci lokacin farfaɗowa daga barcin tiyata

Shekarun da na yi ina aikin banj, wato sa majinyaci barcin tiyata, a asibitocin gabashin Sudan sun tabbatar mini da maganar nan ta manya cewa aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Lokacin sa barci kowa a natse yake, magunguna a jere, idanu duka na kan majinyaci. Da zarar likita ya ɗinke fata ya tuɓe safar hannu kuwa, sai ɗaki ya watse. Wannan na wanke kaya, wancan na kiran majinyaci na gaba, wani ya leƙa waje neman shayi. A daidai wannan lokacin ne mutumin da ke kan gado ya fi bukatarmu, domin barci bai gama sakinsa ba, kuma jikinsa bai karɓi aikin numfashi daga hannunmu ba tukuna.

A 2011 an fitar da sakamakon wani babban bincike a Birtaniya, wanda ake kira NAP4, a kan munanan matsalolin hanyar numfashi. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka shafi barcin tiyata sun auku ne wajen farfaɗowa ko a ɗakin farfaɗowa. Can ke nan inda wuta ba ta ɗaukewa, iskar oksijin kuma a jikin bango take. Mu da muke aiki tsakanin Gadarif da Kassala da Sinnar, musamman tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kayan aiki suka yi ƙaranci, sai mu ninka hankali. Ƙannena da suka shigo aikin nan kwanan nan, wannan rubutun naku ne, kuma ba zai maye gurbin tsayawa kusa da babba a ɗakin tiyata ba.

Shirin farkawa tun kafin barci yake farawa

Ka zauna da majinyaci ka yi masa tambaya da harshen da ya fi ji. In ka ce “ka ci abinci?” da yawa za su ce a’a, don a wurinsu abinci shi ne tuwo ko kisra da miya. Tambayi ɗaya bayan ɗaya: kunu fa, shayi da madara fa, goro fa? Ƙa’idar kame baki kafin barcin tiyata ita ce awa 6 bayan abinci marar nauyi ko madara, awa 4 bayan nonon uwa, awa 2 bayan ruwa zalla. Wanda ya ci agashe ko wani abu mai maiƙo, a ba shi awa 8. Mai ciki, da mai toshewar hanji, da wanda ya yi hatsari bayan cin abinci, duk ka ɗauka cikinsu cike yake ko da sun wuni ba su sa komai a baki ba.

Sa shi ya buɗe baki ka duba da idonka. Tumbak, wato garin tabar da ake cusawa a ƙarƙashin leɓe, yakan zauna har mai shi ya manta da shi, haka ma haƙoran roba da haƙorin da ke girgiɗi. In mai jiki ne mai gajeren wuya, tambayi matarsa ko yana minshari har numfashi ya tsaya ya zabura. Ita ta fi shi sani. Yaro mai mura da tari da zazzaɓi, in aikin ba na gaggawa ba ne, a ɗaga shi mako 2 zuwa 4, saboda maƙogwaronsa na saurin ƙullewa. Shi ma yaron da ake shan taba ko shisha a ɗakin da yake kwana, maƙogwaronsa na saurin ƙullewa.

Akwai kuma batun lalle. Baƙin lallen da matanmu ke rina kan yatsu da shi yana iya hana na’urar auna oksijin karatu daidai. Ka nemo wurin da za ka maƙala ta tun da wuri, kunne ko yatsan da bai rinu ba, kada ka tsaya nema bayan abu ya ɓaci.

Daga nan sai ka yanke hukunci a zuciyarka, ka kuma faɗa wa abokan aiki da baki: wannan cire masa bututun numfashi daga maƙogwaro mai sauƙi ne, ko kuwa mai haɗari ne? Ƙa’idar da ƙungiyar DAS ta Birtaniya, ta masana matsalolin hanyar numfashi, ta fitar a 2012 a kan wannan rabon ta ginu. Tambayar da nake yi wa kaina guda ɗaya ce: in na cire bututun nan abu ya ƙi, zan iya ba shi iska da takunkumi, kuma zan iya mayar da bututun cikin sauri? In amsar ba “e” ce kai tsaye ba, mai haɗari ne.

Kayan da za su kasance a hannunka

Duk abin da ka tanada don sa bututu, shi za ka tanada don cire shi. Madubin leƙa maƙogwaro mai fitila mai haske, sabon bututu daidai da na farko da wani ƙarami, sandar jagora, takunkumi, robar buɗe baki, da jakar hura iska ta hannu. Ka kunna na’urar zuƙo majina, wadda muke ce wa shaffaɗ, ka ji da yatsanka tana ja. In akwai ta ƙafa ka jawo ta kusa, domin wuta in za ta ɗauke ba ta sallama, kuma injin tace oksijin tare da ita yake mutuwa. Saboda haka ka duba tukunyar oksijin, ka ga allurarta, ka tabbatar mabuɗinta na rataye a jikinta. Furofofol mai sa barci, da Scoline mai saki tsoka nan take, da atirofin mai ɗaga bugun zuciya, su kasance a zuƙe cikin sirinji da suna a rubuce. Kanular hannu, wato ’yar robar da ke cikin jijiya, tana tafiya? In ta toshe ka gyara yanzu. Mataimakinka kuma kada ya fita sai ka sallame shi.

Ƙarfin tsoka

A nan ne aka fi yaudararmu. Maganin saki tsoka yakan bar tantanin da ke tsakanin ƙirji da ciki da wuri, sai ka ga majinyaci yana numfashi ka ɗauka ya dawo. Tsokokin maƙogwaro da na haɗiya su ne suke makara, kuma su ne masu hana harshe faɗawa baya da hana amai gangarawa huhu. An koya mana gwajin ɗaga kai na sakan 5, amma mutum na iya cin wannan gwajin alhali maganin bai gama fita ba.

In kana da na’urar zaburar da jijiya mai nuna lamba, ka ɗora ta a wuyan hannu ka lura da babban yatsa. Tana bugu huɗu a jere, kuma ba a cire bututu sai ƙarfin na huɗu ya kai 0.9 na na farko. In babu ita, kamar yadda yake a yawancin wurarenmu, to lissafi da haƙuri ne makaminka. Ka rubuta lokacin da ka ba da maganin ƙarshe. Kada ka ƙara wani saboda ɗinkin fata kawai. Kada ka ba da niyostigmin, maganin warware sakin tsoka, sai ka ga alamar tsoka ta fara dawowa da kanta, domin ba ya iya tayar da wadda ta yi nisa, kuma ƙara yawansa ba ya ƙara komai. Ma’auninsa kusan miligiram 0.05 a kowane kilo, kada ya wuce miligiram 5, tare da atirofin ko gilaikofirolet don kada zuciya ta yi sanyi. Bayan ka ba da shi ka jira kamar minti 10 kafin ya kai ƙarfinsa. Wannan minti goman ne mutane suka fi ƙin jira.

Inda Allah ya hore sugamadeks, wani maganin warware sakin tsoka, yana aiki da sauri: miligiram 2 a kilo in bugu biyu sun dawo, miligiram 4 in sakin ya yi zurfi. Sai dai a cikin magungunan saki tsoka, rokuroniyam da bekuroniyam kaɗai yake kamawa, ba ruwansa da atirakuriyam. Macen da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa a gaya mata ta ƙara wata hanyar har kwana 7.

Alamar wanda bai gama dawowa ba sananniya ce in ka taɓa gani: yana fizge-fizge kamar kifin da aka jefo kan tudu, yana son ɗaga hannu yana faɗuwa, goshi na tattarewa, numfashi gajere. Irin wannan a mayar da shi barci kaɗan, a ci gaba da hura masa iska. Ka kuma taɓa jikinsa. Sanyi yana jinkirta fitar magani, rawar ɗari kuma tana cinye oksijin, don haka a lulluɓe shi ya kai digiri 36.

Share maƙogwaro, tare haƙora

Tun yana cikin barci mai nauyi ka mayar da oksijin ɗari bisa ɗari na wasu mintoci. Wannan guzuri ne, shi zai saya maka lokaci in abu ya rikice. Sai ka sa madubi ka zuƙe majina da jini kana gani, kada ka riƙa soka roba a makance kana ƙuje masa maƙogwaro. Bayan aikin hanci ko na tonsil, gudan jini yakan ɓuya a bayan ganɗa, can sama inda ido ba ya kaiwa sai an nema, ya faɗo bayan an cire bututu ya toshe hanya gaba ɗaya. In an cusa ƙyallen toshe maƙogwaro a farkon aiki, ka ciro shi, ka ɗaga shi sama kowa ya gani, a rubuta. Mai cikakken ciki a zuƙe masa ciki da robar hanci tun yanzu.

Sannan ka naɗe gos ya yi kauri kamar babban yatsa biyu, ka sa shi tsakanin turamen haƙoransa a gefe guda, ka bar jelarsa a waje. Robar buɗe baki ba ta wadatar da wannan aikin, takan ma karya haƙoran gaba.

Na koyi darajar wannan naɗin gos ɗin ne a wata kakar yankan riɗi. An kawo wani saurayi ɗan Hausa, lebura a gona, ƙaƙƙarfa, aka cire masa afendiks lafiya lau. Ban sa masa komai a haƙori ba, saboda muna sauri akwai mai naƙuda tana jira. Yana fara farkawa ya datse bututun da haƙora. Ina kallon ƙirjinsa yana lotsawa, ramin wuyansa na shigewa, yana ja da dukkan ƙarfinsa amma ko ɗigon iska ba ya wucewa. Bai fi minti ɗaya ba na samu na sa shi ya saki, amma bayan ɗan lokaci sai ga kumfa ruwan hoda tana tasowa cikin bututun. Jan da ya yi a kan toshewa ya tsotso ruwa daga jijiyoyin jini zuwa cikin huhu. Ya kwana da bututu muna karɓa-karɓa wajen ba shi iska da matsi, Allah ya sa ya tashi. Mahaifinsa yana ta yi mini godiya washegari, ni kuwa na san sakacina ne. In hakan ta same ka, ka sace iskar balan-balan ɗin da ke toshe gefen bututun nan take don ya samu ya ja iska ta gefensa, ka ba da furofofol kaɗan ya saki. Samari masu ƙarfi su ne suka fi shiga wannan haɗarin.

Cirewar kanta

Ka ɗaga kan gado kamar digiri 30, musamman ga mai jiki. Wanda kake tsoron zai yi amai ka kwantar da shi a gefen hagu. Kashe iskar barci, sannan ka cire hannunka daga jikinsa. Tsakanin barci mai nauyi da farkawa akwai wani mataki da idanu ke karkacewa, numfashi na tsayawa yana dawowa, majinyaci na motsi amma ba ya jin kira. Wanda ya cire bututu a wannan matakin ya gayyato ƙullewar maƙogwaro da kansa. Motsi da tari ba farkawa ba ne.

Farkawa ita ce ya bi umarni. Kuma ka yi masa magana da harshen uwarsa. Na sha ganin tsohuwa daga ƙauyukan Mai Wurno da ke jihar Sinnar ana ta yi mata ihu da Larabci tana kwance shiru, har a fara cewa ba ta farka ba, sai na sunkuya kusa da kunnenta na ce, “Iya, an gama, buɗe idonki,” ta buɗe. “Baba, matse hannuna. Fito da harshenka.” In ya yi waɗannan, numfashinsa na tafiya daidai, jaka na cika tana sauka sosai, to lokaci ya yi. Ka kwance ɗaurin, ka matsa jaka huhu ya cika, ka sace balan-balan gaba ɗaya, ka zare bututun a hankali a kan wannan cikar, don iskar da za ta fara fita ta turo majina waje. Nan take ka ɗora takunkumi, ka zuba wa jaka ido, ka sa kunne a bakinsa. Lidokain miligiram 1 zuwa 1.5 a kilo ta jijiya, minti kaɗan kafin nan, yana rage tari ga wanda tari zai cutar.

Cire bututu cikin barci mai nauyi yana da wurinsa, amma aikin ƙwararre ne, a kan wanda cikinsa ba komai kuma hanyarsa mai sauƙi. Sabon hannu ya bar shi tukuna.

In hanya ta toshe

Minshari yana nufin harshe ya faɗa baya. Ka sa yatsu a bayan kusurwar muƙamuƙi ka turo shi gaba har haƙoran ƙasa su wuce na sama. Yawanci shi ke nan.

Ƙara mai tsini wajen jan numfashi, kamar ɗan zakara mai koyon cara, ita ce ƙullewar maƙogwaro ta rabi. Wadda ta fi muni ba ta da ƙara ko kaɗan: ciki na tashi, ƙirji na faɗawa, jaka tsaye cik. Kira taimako da ƙarfi. Dakatar da duk mai taɓa majinyaci. Zuƙe abin da ke baki in akwai, ka manne takunkumi da hannu biyu, oksijin ɗari bisa ɗari, ka rufe bawul kaɗan iska ta riƙa danna maƙogwaron a kai a kai. Kada ka yi ta matsa jaka da ƙarfi, ciki za ka kumbura. Akwai wani ɗan rami a bayan fatar kunne, tsakanin ƙashin muƙamuƙi da ƙashin bayan kunne. Ka danna shi da ƙarfi ta ɓangarorin biyu kana turo muƙamuƙi gaba. Wani likitan Amurka, Philip Larson, ya bayyana wannan dabarar a 1998. In bai saki ba, furofofol kaɗan, daga miligiram 0.25 a kilo, a ƙara in da bukata. In oksijin na ci gaba da sauka kada ka tsaya jiran ikon Allah da sirinji a hannu: Scoline miligiram 1 a kilo ta jijiya, ko miligiram 4 a kilo ta tsoka in kanula ta fita. A yaro, bugun zuciya in ya fara raguwa alama ce ta rashin oksijin mai tsanani, iska yake bukata kafin komai, atirofin na biye.

Ka tuna fatarmu ba ta nuna shuɗi da wuri. Duba harshe da cikin leɓe. Na’urar yatsa ma tana makara, kuma a baƙar fata takan nuna lamba sama da gaskiya, don haka 92 a wurinmu abin tashi tsaye ne.

Waɗanda ba a yi musu gaggawa

Wanda aka sha wuya wajen sa masa bututu, wanda ya daɗe a kife, wanda aka ɗura wa ruwa da jini da yawa har fuska ta kumbura, mai ciki da hawan jini ya kumbura ta, mai ƙuna a fuska, mai ƙurji a ƙasan muƙamuƙi. Ga irin waɗannan ka sace balan-balan ka saurara ko iska na fita ta gefen bututu. In shiru ne, hanyar ta kumbura, a bar bututun, a ɗaga kai, a ba da deksametason mai rage kumburi, a sake gwadawa bayan sa’o’i. Jin fitar iskar kuma ba tabbaci ne ba. Inda akwai siririyar robar musaya, ana barinta a cikin maƙogwaro bayan cirewa don ta zama jagora, kuma a babba kada ta wuce santimita 25 daga leɓe. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In dare ya yi, kai kaɗai ne, babu wanda zai taimake ka, barin bututu zuwa safiya ko tura majinyaci babban asibiti da shi ba gazawa ba ce.

Maƙoƙo yana da yawa a ƙasar nan, musamman a yamma, kuma aikinsa na da nasa tarkon. Tsohon maƙoƙo babba yakan tausasa bututun iska har ya lotsa bayan an cire shi. Jijiyar murya in ta taɓu ta ɓangarorin biyu, ƙarar za ta fito nan take. Wanda ya fi kisa shi ne jinin da ke taruwa a cikin wuya, galibi a sa’o’in farko. Majinyaciya za ta ce, “Malam, ji nake kamar ana shaƙe ni,” ta kasa haɗiyar yawu, ta ƙi kwanciya. Ka yarda da ita ko da na’ura na nuna 98, domin ƙara sai a ƙarshe take zuwa. Almakashi da safar hannu su kwana a gefen gadonta. In numfashi ya fara gagara, a kan gadon ake buɗewa: a yaye bandeji, a yanke zare, a buɗe fata, a buɗe tsoka, a kwashe gudan jini, a cusa gos, ana kiran likita a lokaci guda.

Hanya da ɗakin ifaƙa, wato na farfaɗowa

Tsakanin ɗakin tiyata da ɗakin farfaɗowa ana asarar mutane a kan ’yar tafiyar da ba ta kai minti biyu ba. Ka tafi da shi a kan gefensa ko kai a ɗage, da oksijin, kai kana wajen kansa, tafin hannunka kusa da bakinsa kana jin ɗumin numfashi. Ka miƙa shi baki da baki: wane magani ya sha, ƙarfe nawa aka ba shi maganin ciwo mai ƙarfi, mofin ko fetidin, an sha wuya wajen bututu ko a’a, me kake tsoro, ina za a same ka. Ma’aikaciyar jinya ɗaya ga majinyaci ɗaya har sai ya riƙe hanyarsa da kansa.

A ƙirga numfashi da agogo, minti cikakke. Wanda ke kan oksijin zai iya nuna lamba mai kyau alhali numfashinsa ya ragu ƙwarai. In ya sauka ƙasa da 8 a minti, ƙwayar ido ta tsuke, ba ya tashi da kira, to maganin ciwo ne ya danne shi. A tsarma makarinsa, nalokson, miligiram 0.4 ya zama mililita 10, a riƙa ba da mililita 1 ana jira, kuma a ci gaba da tsaro domin yakan ƙare kafin mofin ya ƙare. Majinyacin da ke fizge-fizge yana neman tashi, a fara zargin rashin oksijin kafin a kai hannu ga maganin kwantar da hankali. Yaron da ya fara ƙara bayan cire bututu, ana shaƙa masa adirenalin ta tururi, a tsare shi sa’o’i saboda kumburin na iya dawowa.

Sai dangi. Suna bakin ƙofa da fulas ɗin shayi da ruwan zamzam ko na tofi, kuma ƙauna ce ta kawo su. Na taɓa juya baya na ɗan lokaci na dawo na tarar da wata uwa tana ɗura wa ɗanta ruwa da cokali yana cikin magagi, har ya ƙware. Tun daga ranar nake fita da kaina in same su. Nakan ce, “Hajiya, maƙogwaronsa bai farka ba tukuna, in ruwa ya shiga huhu zai koma. Ki shafa masa a goshi da hannu, in lokacin sha ya yi ni zan kira ki.” Ban taɓa samun wadda ta ƙi ba. Nakan kuma zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa in nuna masa abin da zai sa ya kira mu da gudu a ɗakin kwanciya: minshari mai yankewa, ƙara wajen jan numfashi, kumburin wuya, ko barcin da kira ba ya tayarwa.

Ba a mayar da shi ɗakin kwanciya sai ya farka sarai, yana tari mai ƙarfi, yana haɗiya, oksijin ɗinsa ya tsaya daidai bayan an cire masa takunkumi na wasu mintoci, ba ya zubar da jini. In an sha wuya da hanyar numfashinsa, ka rubuta a fayil da manyan baƙaƙe, ka kuma ba shi wata takarda daban da Larabci ya riƙe a hannunsa, ka yi masa bayani da Hausa cewa duk asibitin da za a sake sa shi barci, ko a Port Sudan ne ko a Makka, ya fara miƙa ta ga mai banj.